Ina Labarin Bawa?

Zuwa ga yayata Saude, a Maradun.

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya yara? Ni lafiya lau nike nan Alƙahira, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

Na karanta wani littafi na abokai biyu. Ɗaya ya rasu, 'yan gida suka ɓoye wa ɗayan. Tun sannan nike mafarkin abokina Bawa. Ina ganin shi a gonarsu da dam ta cinye, yana shuka gero ƙarƙashin ruwa, kifaye na gilmawa. In na kira shi, sai ya yi murmushi kawai.

Tun rikicin manoma kan dam ta Bakolori wasiƙunku ba su ambace shi ba. Yaya, don Allah ki gaya mani gaskiya. In ta'aziyya ce ta kama, ki je wa innarshi a madadina.

Ƙanenki,
Tukur