Man Gas Ya Yi Barci

Daren Laraba, tsakiyar ɗari, Kusada.

Na kasa runtsawa. Da asuba motar ɗana Hamisu ta ƙi tashi, ga gyaɗar mutanen Kaikai za a kai Kankiya. Na zura kara a tanki, na ga man gas ya yi kauri. Na ce barci ya yi, yadda man shanu ke yi a ƙwarya.

Hamisu ya ce, "Baba, mota ce fa, ba miya ba."

Na ɗauko kaskon garwashi, na lulluɓe da toka, na tura ƙarƙashin tanki. Kafin hantsi motar ta yi tari ta tashi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Amma ɗazu na ji yana cewa gobe karan dawa zai cinna, wai ya fi sauri. Harshen wuta a gindin tanki! Na yi faɗa, ya yi dariya. Taurin kaina ya gado, ba zai ji ba.

Bari in ɗauki bargo da tabarma. A gindin motar zan kwana. In zai cinna, sai dai ya tsallake ni.