Kyandir Huɗu, Tsayinsu Ɗaya

Baban yara,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya yaran, ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau. Tsohuwar da nake jinya ba ta da fitina, ruwan wanki ne dai ya farfasa min hannu. Kar ka gaya wa Mama.

Hotuna huɗun da ka turo sun iso, na gode. Amma akwai magana.

Na bar muku kyandir huɗu, na ce kowace Lahadi kafin Kirsimeti a kunna sabo tare da na baya, a karanta wa yara labarin haihuwar Almasihu. Ka ce ba ku taɓa fashi ba, ga ma hoton kowace Lahadi. To, wanda aka fara kunnawa ai ya kamata ya fi saura gajarta. A hoton ƙarshe duk tsayinsu ɗaya! Kuma tabon man da ke rigar Auta yana nan a kowane hoto. Wata guda ba wanki ke nan?

Da na tambayi Auta a waya wa ya kawo wa Maryamu albishir, sai na jiyo muryarka ƙasa-ƙasa: "Ce mala'ika."

Na san aiki ya yi maka yawa. In ba ka samu ka karanta musu ba, faɗa min gaskiya, in riƙa yi ta waya.

Ni ma na sayi kyandir huɗu. Ina kunnawa ni kaɗai, daidai lokacin da nake zaton kuna kunna naku. Na farkon saura ɗan guntu.

Ubangiji ya tsare min ku.

Matarka