Alayyafon Mama Rifkatu

Laraba, da dare

Sakamakon gwajin ɓerayen ɗakin bincikenmu ya fito yau. Wata uku muna ba su garin wani ma'adini da ake sawa a wayoyi. Sau biyu na duba jininsu don kada in yaudari kaina. Ƙwayoyin gadonsu sun lalace.

Ina wanke hannu sai Mama Rifkatu mai shara ta shigo da alayyafo, kamar kowane mako.

"Dakta, kin ga yadda ya yi kyau? Takin ɓerayenku ne. Ɗiɗɗigar katakon kejinsu nake kai wa lambuna a Unguwar Dosa."

"Mama, ba cewa aka yi a ƙona ba?"

"Haba Dakta, a ƙona taki?"

Ni ce ban taɓa gaya mata dalili ba. Na san ɓera ba mutum ba ne, kuma ban san ko ganye yana shan abin daga ƙasa ba. Rashin sanin ne yake tsorata ni. Gobe da sassafe zan je in ɗebo ƙasar lambun.

Wata uku ina yi wa 'yata Ummi miya da ganyen nan, kuma kullum sai ta nemi ƙari.