Ranar da Muka Sauke Akwatin Tsaba

Gidan Baba, Hanyar Tafki,
Vermont,
17 ga Mayu.

Zuwa ga yayana Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Noreen da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a ƙasar da kuka zaɓa, ko da yake har yau ban gane abin da yake kai mutum Ostireliya ba alhali ga gida. Mu nan muna lafiya. Ƙanƙara ta narke, hanya ta zama taɓo, ganye ya fara tohowa a bakin tafki. Gwaggo Cecile ta ajiye sanda, ta koma zuwa coci da ƙafarta, ta kuma koma gulmar limami. Baba yana cin abinci, yana barci, jikinsa ma ya fi nawa ƙwari. Kan ne dai, kamar yadda ka sani, kullum wani abu yake zubewa daga ciki. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya kai kaɗai kake magana, ni kuwa wannan karon ina so ka saurara har ƙarshe.

Ka tuna akwatin tsabar da Baba ya ƙera a shekarar da aka haife ni, wanda muke zuba wa tsuntsaye abinci a ciki, yake rataye a gaban tagar kicin? Ka tuna kuma dokar Mama a kansa. Ran ɗaya ga Afrilu, ko ana ruwa ko ana iska, sai ta sauke shi, ta wanke da ruwan zafi, ta share duk ƙwayar da ta zube a ƙasa, ta kulle shi a ɗakin itace sai Disamba. Haka kowa yake yi a hanyarmu, tunda lokacin ne beyar, ƙatuwar baƙar dabbar dajin nan, take tashi daga barcin hunturu da yunwar wata biyar a cikinta. To, bana ban sauke ba. Ba mantawa na yi ba, da gangan na ƙi.

Dalilina shi ne safiyar Baba. Da rana yakan kira ni malamar asibiti, wani lokaci ya kira ni da sunan Mama, wani lokaci ya tambaye ni cikin ladabi ko wa nake nema. Amma da gari ya waye, in na zaunar da shi a kujerarsa ta bakin taga da kofi a hannu, tsuntsaye suka fara sauka, sai ka ga fuskarsa tana dawowa a hankali. Ƙananan nan masu baƙar hula su ne na farko, sannan jan nan mai tukku da matarsa. Yakan ƙirga su da yatsa a jikin gilashi, ya yi wa wanda ya cika zari faɗa, sai kawai ya juyo ya ce Lorraine, zo ki gani. Rabin awa ke nan a yini da nake da uba wanda ya san sunana. Ka gaya mini, Yaya, da kai ne za ka sauke?

Sai na shiga dabaru. Na ɗaura wayar ƙarfe tsakanin itatuwa biyu, na rataye akwatin a tsakiya, sama da inda hannu zai kai. Na zura gorunan roba a wayar don duk kuregen da ya taka su juya da shi. Na gauraya tsabar da garin barkono, tunda tsuntsu ba ya jin yaji. Kurege dai na ci nasara a kansa, har Baba ya yi dariyar da rabon da in ji irinta tun rasuwar Mama, ranar da wani ya taka gora ya faɗo ya tashi yana zagin kowa. Maƙwabciyarmu Doreen ta tsaya a bakin shinge ta ce mini duk wannan wasan yara ne, beyar tana jin ƙanshin tsaba daga bayan tsauni, kuma jikokinta suna wasa a tsakar gida. Na ce mata ta kula da kwandon shararta tukuna kafin ta zo kan nawa. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma na ji haushinta.

Ranar Talata ta ƙarshen Afrilu hazo ya taso daga tafki ya lulluɓe gonar baya, ba a ganin ko shinge. Muna zaune a taga, tsuntsaye suka watse gaba ɗaya, wuri ya yi tsit. Sai ga wani abu baƙi ya fito daga cikin hazon, yana tafiya ba gaggawa, ya zo ƙarƙashin wayar ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu. Baba ya yi murmushi ya ce ai Emile ne ya zo da baƙar rigarsa ta sanyi, in zuba masa kofi. Kawu Emile da muka binne shekara talatin da suka wuce. Wallahi Yaya, na ɗan lokaci ni ma ban ji tsoro ba. Na tsaya da buta a hannu ina kallo, na ji kamar in na buɗe ƙofa duk za su shigo ɗaya bayan ɗaya, Kawu da Mama da kakanninmu, suna karkaɗe raɓa daga takalma. Sai da beyar ta kai wa wayar mari ɗaya, akwatin ya faɗo, sannan na dawo hayyacina. Ta zauna a ciyawa ta cinye tsabar da barkononta, ta koma cikin hazon.

Abin kunya, na gyara akwatin na sake ratayewa, na ƙara masa tsayi. Bayan kwana huɗu ta dawo, daga nan ta wuce gidan Doreen ta leƙa baranda. Washegari jami'ar kula da namun daji ta zo, wata yarinya mai sanyin murya da ba ta kai shekarun 'yarka Josie ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin daɗi. Ta ce sun san wannan beyar, akwai alamarsu a kunnenta, kuma bana tana da 'ya'ya biyu. Ta ce duk beyar da ta saba samun abinci a gidajen mutane ba ta sake jin tsoron mutum, ko an kai ta nesa sai ta dawo. In aka sake ganinta a baranda, dole su harbe ta, 'ya'yan kuwa ba su kai su rayu su kaɗai ba. Ta dubi Baba a kujerarsa, ta dube ni, ta ce ta san ba abu ne mai sauƙi ba, ta tafi.

Kwana biyu ina kai da kawowa. In na ɗauko tsani sai in ajiye, in ce gobe. A safiya ta uku beyar ta sake fitowa, amma ta tsaya can bakin daji ba ta ƙaraso ba. 'Ya'yan suna biye da ita, ƙanana kamar 'yan kwikwiyo, ɗaya yana ta hawa kututture yana zamewa. Rana ta fara haska ciyawa, tururi yana tashi daga ƙasa. Baba ya daɗe yana kallonsu, ni kuwa ina jiran ya ce Emile. Sai na ga ya ajiye kofi, ya gyara zama, idonsa ya koma na mutumin nan da ya yi shekara arba'in yana shiga daji da bindiga bai taɓa harbin dabba mai goyo ba. Ya tambaye ni wane wata ake ciki, na ce Mayu. Ya juyo ya dube ni sosai ya ce, "Lorraine, me akwatin nan yake yi a waje har yanzu? Kina so a kashe ta ne? Je ki ɗauko tsani."

Shi ya riƙe mini tsanin da hannunsa. Muka wanke akwatin tare a bakin famfo, ya nuna mini inda ya taɓa yanke yatsa ranar da yake ƙera shi, ya sa na share ƙasa har sau biyu, wai na bar ƙwaya. Shi ya kulle ɗakin itacen, ya miƙo mini makulli. Beyar ta zo sau ɗaya bayan nan, ta shinshina wurin, ta wuce. Jami'ar ta ce an hango su can bayan tsauni su uku, suna tonon tururuwa. Doreen ta kawo mana wainar tuffa, na karɓa, ba wanda ya tayar da zancen.

Yanzu kwana goma sha biyu ke nan. Kullum da safe ina zaunar da shi a taga kamar yadda aka saba. Na ajiye kwanon ruwa a kan dutse, wani lokaci tsuntsu ɗaya ko biyu sukan sauka su yi wanka su tashi, amma ba sa daɗewa. Yakan kalli wayar da ba komai a kanta, ya yi mini godiyar kofi kamar baƙo. Tun ranar tsanin bai sake kiran sunana ba. Ba na nadama, shi ya yanke hukunci da cikakken hankalinsa, kuma na gode wa Allah da ya nuna mini shi haka ko da sau ɗaya ne. Amma ina kewarsa, Yaya, alhali yana zaune kusa da ni. Na san za ka ce ka bari sai Kirsimeti, in an mayar da akwatin, ka zo ka same shi a daidai. Ni da nake tare da shi ina gaya maka, ba ni da tabbacin in tsuntsayen sun dawo za su tarar da kowa a tagar. Ka zo yanzu. Ko bai gane ka ba, ni zan gane ka.

Ka gaishe mini da Noreen, ka ce na gode da safar ulun, Baba ba ya yarda a cire masa ita. Ka gaishe da Josie da mijinta, da Clement. Gwaggo Cecile tana gaishe ka, ta ce in kana da kunya ka zo ta ga furfurarka. Na gyara tsohon ɗakinka, na shanya bargo. Allah ya kawo ka lafiya.

Taka ƙanwa,
Lorraine