Kafet ɗin Gwaggo da Zomaye Biyu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya maigidan, ya yara, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Na iso gidan Gwaggo lafiya. Ita da Kawu sun tafi wajen 'yarsu, sai bayan mako shida. Daga ɗakin da ta ba ni zuwa ofishin da na fara aiki minti goma sha ɗaya ne a ƙafa, na gwada sau uku. Ta ce in ta dawo ta tarar da kafet ɗin falonta yadda ta bar shi, ɗakin ya zama nawa. In ba haka ba, in koma gida, in riƙa hawa mota biyu kullum.

Kin san kafet ɗin, jan nan da ko Kawu sai ya wanke ƙafa yake taka shi. Abin da ba ki sani ba, Gwaggo ta yi zomaye biyu, Manaja da Akawu, duk maza in ji ta. Ba a sa su a keji, wai ransu ɓaci yake yi. Yawonsu suke ko'ina kamar su suka gina gidan.

Na ɗauki hoton kafet ɗin ta kusurwa huɗu tun Gwaggo ba ta shiga mota ba. Ran Talata Manaja ya fara tonon kusurwar bayan ƙofa, ya cire zare bakwai. Na tsince su na adana a ambulan. Na aza kwali a wajen, suka ci kwalin. Na yayyafa ruwan lemon tsami, Akawu ya lashe, ya dube ni kamar in ƙara masa. Na jera tayil tara, suka koma kusurwa ta biyu. Shekara huɗu ina jami'a, Yaya, ba wanda ya taɓa faɗa mana zomo na cin kafet.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina miki sallama, da fatan kowa lafiya. Na ji daɗi da Inna ta fara takawa.

Albishirinki, na samo mafita. Tunda ba zan iya raba zomaye da falo ba, na raba kafet da falo. Ni da maƙwabciyarmu, wata tela, muka naɗe shi muka kwantar a sito. Ƙofar siton ba ta rufuwa sosai, akwai tazarar santimita tara. Na auna faɗin Manaja da tef ɗin telar: goma sha huɗu. Ba zai shige ba. Telar ta yi dariya, ta ce zomo rabinsa gashi ne, amma ni lissafi na bi.

Abu ɗaya ke damuna. Manaja ya yi ƙiba, yana yawo da ciyawa cike da baki, jiya ma na gan shi yana tsigar gashin ƙirjinsa. Ina ganin kewar kafet ɗin ce. Na ƙara masa karas.

Taki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ana jibi su Gwaggo za su dawo, na shiga sito in mayar da kafet. Na kama bakinsa sai na ji motsi a ciki. Na haska fitilar waya. Yaya, Manaja ya haihu. 'Ya'ya biyar, na ƙirga sau huɗu, kwance cikin ciyawa da gashi, a tsakiyar naɗin. Ashe da hannuna na naɗa masa ramin da ya fi kowane rami daɗi. Ya kuma ɓula kafet ɗin, faɗin tafin hannuna.

Telar ta ce kada in kuskura in motsa su. Na haɗa kayana cikin akwati. Ranar da suka dawo, a bakin ƙofa na tari Gwaggo da ambulan ɗin zare da hotuna, na fara bayani tun daga ran Talata. Ban kai ga tayil ba ta tambayi inda kafet yake, ta wuce ni ta shiga sito, ta durƙusa da mayafinta da komai. Sai na ji guɗa.

Ta ce ba mai taɓa kafet ɗin sai jikokinta sun buɗe ido sun fito da ƙafarsu. Da ta hangi akwatina, ta tambaye ni wa nake so ya kula mata da zomaye bakwai in na tafi. Ɗaki dai ya zama nawa. Kawu kuwa ya ja ni gefe ya sa mini albarka, wai rabon da ya shiga falonsa ba tare da ya wanke ƙafa ba, shekara uku ke nan.

Har yanzu Gwaggo "shi" take ce wa Manaja. Ban gyara mata ba.

Ki gaishe da Inna. In kin samu kwali mai kauri ki aiko mini, ko guda nawa ne. Ɗakin da na samu ɗin ma kafet ne, bango zuwa bango.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta