Tabon da Aka Goge a Bangon Faifai

Ya kai sanyin idaniyata, inuwar da nake fakewa tun haƙorana suna cike, ruwan randata, tsohon zakaran da har yau in ya yi cara zuciyata ke miƙewa tsaye! Ina gaishe ka, amma ka sani da fushi na riƙe biron nan. Ga ka can a falo, taku goma tsakaninmu, sai dai na gano ka: duk sanda na ɗauko magana sai ka zare na'urar kunnenka ka jefa aljihu. To, takarda ba a zare ta. A akwatin jitarka zan saka, inda na san rana ba ta faɗuwa ba ka buɗe ba.

Shekara hamsin kana kaɗa jita a baranda, ni da kaji muna saurare, sai yanzu da furfura ta cinye kai Allah ya nufa waƙoƙinka su shiga faifai. Jiya da mai zanen bangon faifan ta kawo samfurin kwalin, sai da na wanke hannu na goge tabarau, na karɓe shi kamar jariri. Na duba, na ƙara dubawa. Baban yara, wane ne wannan? Wa aka ba ni a madadin mijina?

An rufe maka ido da baƙin tabarau, idon nan da ke walƙiya kamar ruwa ya kwanta a kan ganye! An juya maka fuska gefe kamar wanda ake kira ya ƙi amsawa. An hana ka dariya, kai da wushiryarka ta fi jinjirin wata haske! Hoto ba launi, hayaƙi a bayanka, sai ka ce girki ya ƙone. Na tambaya, baiwar Allah ta ce wai haka ake yi, mawaƙi ba ya kallon kyamara, ba ya murmushi, don a ga yana da zurfin tunani. Zurfin tunani! Mutumin da ke neman hularsa tana kansa?

Na juya bayan kwalin, ga sunayen waƙoƙi goma sha biyu an jera su ƙanana kamar tururuwa. Na buɗe ciki, jikarmu ta karanta mini godiya: ka gode wa mai ɗakin naɗar sauti, ka gode wa mai sayar da tsirkiya, ka gode wa maƙwabcin da ya yi haƙuri da surutu, can a ƙasa kuma, "da iyali." Ni ce "da iyali"? Ni da kowace waƙa a ciki sai da ta bi ta kunnena sau ɗari kafin ta nuna? Ba komai, na yafe. Tabarau ma da hayaƙi, duk zan haɗiye.

Amma tabon girarka fa? Ina tabona?

Mai zanen ta ce ta ɗauka hoton ne ya ƙarje, sai ta goge a kwamfuta. Kai kuma kana zaune, ka sunkuyar da kai kamar ango, ka ce, "Ya yi kyau, 'yata, ku kuka san aikinku." Haba, masoyina! Ita ba ta sani ba, kai ma ba ka sani ba?

Ka manta benci a bayan shagon ɗinkin da nake aiki? Ka zo da rana tsaka za ka burge ni, kana ta murɗa tsirkiya kana ƙara mata tauri, ta tsinke ta tsaga maka girar hagu. Jini na bin kumatu, ba ka tsaya ba, ka ƙarasa waƙar da tsirkiya biyar. Na yago gefen yadin wata mata na ɗaure maka, uwar ɗakina ta yi mako tana yi mini faɗa. Ran nan na ce a raina, wannan wawan nawa ne. Ba muryarka na fara so ba, gaskiya ɗaya ce, muryar sai a hankali. Tabon na fara so. Shi ne hatimina a fuskarka, kuma an share shi kamar ƙura a tebur!

Ga abin da ban gaya maka duka ba. Likita ya ce hazon idona ba zai koma baya ba, baɗi war haka ƙila haske da inuwa kawai zan bambance. Yatsuna sun san hanyar girarka, ba sa neman jagora. Amma ina so in riƙe kwalin nan kusa da hanci, in ga fuskarka ta gaskiya tun ina iya gani. Kuma ranar da ba mu, jikoki wa za su nuna wa 'ya'yansu? Wancan baƙon mai tabarau?

Ran Alhamis za a kai wa masu bugawa, kwali dubu. Don Allah, hasken ɗakina, ka mayar da na'urar a kunne, ka kira mai zanen yau. A bar hayaƙin, a bar kallon gefen tunda haka ake yi, amma gefen hagu za ka juyo, a cire tabarau, a mayar mini da tabona. In ka ƙi, wallahi zan zauna da biro in zana shi a kan dubun nan ɗaya bayan ɗaya, kuma da idon nan nawa, kada ka yi mamaki in ya sauka a kan hanci.

Taka ce ni, da ido ko babu ido, ko tsirkiya ɗaya ta rage, har ranar da za a rufe mu.

Taka,
"da iyali"