Bincike Na Rubuta

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fatan kana lafiya. Ya ƙafar taka? Ya Anti Binta da yara, ya zaman Fatakwal?

Makarantarmu ta ɗora mini shirya taron malamai masu nazarin rayuwar matasa. Na so samarinmu masu haƙar kuza su zo su yi magana da bakinsu, sai na aika wa mai unguwa a Riruwai takarda cewa za mu zo bincike a kan matasa. Yaya, mu karatu muke nufi. Da aka karanta a masallaci, sai samarin suka ɗauka binciken 'yan sanda ne. Kafin mu isa sun watse cikin daji. Sauran sun dawo, amma Auwalunka yau kwana tara, wayarsa a kashe. Inna ta daina amsa gaisuwata.

Jibi ne taron, wai ni zan yi jawabi a kan inda matasa suka dosa. Namu ma ban san inda ya dosa ba.

Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a. Idan ya kira ka, ka ce ya dawo gida. Ba hukuma ba ce, baffansa ne.

Ƙaninka,
Habibu